Gonar da ba a shigarta sai teku ya janye

A gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar a ƙasar Tanzaniya, akwai ƙauyuka biyu maƙwabtan juna, Paje da Jambiani. Idan teku ya janye a can, yakan ja da baya sosai, ya bar farin yashi shimfiɗe da ruwa iya ƙauri ko iya gwiwa. A cikin ruwan nan za ka hangi turaku jere reras kamar an kafa shingen gona, ga mata cikin zannuwan kanga, wasu a sunkuye, wasu sun zauna daram a cikin ruwan, suna ɗaure wani abu mai rassa a jikin igiya. Abin da suke ɗaurewa shi ne masu jin Suwahili ke kira mwani, mu kuma muke ce masa ciyawar teku.

Sunan da muka ba ta yana iya ɓatar da mutum. Ba ta da saiwa, ba ta fure, ba ta ƙwaya irin ta hatsi. Dangin gansakuka ce, irin wadda ke kama bakin rijiya da jikin randa, sai dai ta teku tana girma har ta yi rassa. Abin da ke gindinta mai kama da saiwa aikinsa kawai ya manne wa dutse, ba ya tsotsar komai. Da dukkan jikinta take shan abinci daga ruwan da ke wucewa ta kanta. Duk dabarar nomanta daga nan ta taso: ba huɗa, ba taki, ba ban-ruwa, amma in ruwan ya tsaya cik, ko ya yi zafi, ko gishirinsa ya ragu, to ta shiga uku, don ba ta da wata ƙasa da za ta fake a ciki. Masana sun kasa ta gida uku bisa launi: koriya, mai ruwan ƙasa, da ja. Wadda ake nomawa a Zanzibar 'yar gidan ja ce, ko da yake a ido sau da yawa za ka gan ta kore-kore ko ruwan ƙasa.

Farfesa Keto Mshigeni na Jami'ar Darussalam ne ya daɗe yana nuna cewa noman zai yiwu a gaɓar Tanzaniya, tun shekarun 1970. Noman kasuwa ya kankama a 1989, da irin da aka kawo daga Filifin. Yau mutum sama da 20,000 ke wannan sana'a a Zanzibar, kusan kashi 80 cikin 100 mata ne, kuma tsibirin Pemba ya zarce Unguja a yawan abin da ake girbewa.

Iri biyu aka kawo, kuma dole a bambance su, don kusan duk wahalar manoman yau tana cikin wannan bambancin. Na farko 'yan kasuwa ke kira spinosum, rassansa sirara ne masu ƙananan ƙayoyi a jiki. Jarumi ne, yana jure zafi da wahala, amma ba shi da kuɗi. Na biyu shi ne cottonii, mai kauri da santsi, wanda kuɗinsa kan kai ninkin na farko ko kusa da haka, amma rago ne, ɗan zafi kaɗan sai ya kwanta ciwo.

Daga zaɓen wuri zuwa ɗaurin iri

Wanda ya kuskure wuri ya gama asara tun bai ɗaura iri ba. Ana son ƙasa mai yashi mai tauri, gauraye da ɓarɓashin duwatsun murjani (duwatsun da wasu ƙananan halittun teku ke ginawa), wadda za ta riƙe turke. Taɓo ba ya riƙe turke, kuma idan ruwa ya motsa yana tasowa ya lulluɓe rassan ya hana su haske. Ana son ruwa mai tafiya amma ba mai duka ba, abin da ake samu ke nan tsakanin gaɓa da jerin duwatsun murjanin da ke tare manyan igiyoyin ruwa daga waje. Gishiri ya kasance tsakanin giram 30 zuwa 35 a kowace lita, don haka ake gudun bakin kogi da duk inda ruwan daɗi ke ɓuɓɓugowa. Zafin ruwa kuma digiri 25 zuwa 30. Sharaɗi na ƙarshe, wanda sababbin shiga suka fi rainawa, shi ne ko a ranar da teku ya fi janyewa a wata, dole ruwa ya rufe shukar. In ta fito fili rana ta buge ta na awa ɗaya ko biyu, kawunan rassan, inda toho yake, su ne farkon ƙonewa.

Kayan aikin ba su da yawa. Turakun itace masu tsawon santimita 60 zuwa mita 1, a feƙe su a buga a yashi. Igiyar nailan wadda ba ta kai kaurin fensir ba, tsawonta mita 4 zuwa 10, a ɗaure ta tsakanin turaku biyu yadda za ta tashi daga ƙasa da kamar taƙi ɗaya. Tsakanin igiya da igiya a bar kamar rabin mita, don ruwa ya ratsa, mutum ma ya samu wurin taka ƙafa. An fi so a jera igiyoyin su bi hanyar da ruwa ke bi, don in sun gitta masa sai ya riƙa fizgar su har turke ya tuge. Sai kuma zaren leda mai laushi da suke kira taitai, wanda da shi ake ɗaure iri a jikin igiyar.

Irin kuwa reshe ne, kamar yadda ake dasa rogo ko rake. Ana ɓallo yanki mai nauyin giram 100 ko kusa da haka daga shuka mai lafiya, mai yawan toho, mai sheƙi, marar farin tabo. A ɗaura ɗaya, a bar santimita 20, a ɗaura na gaba. Ɗaurin kansa sai an iya. Ana maƙala zaren a daidai inda reshe ya rabu biyu, don nan ne ya fi ƙarfi, kuma ba a matsewa. In an matse, reshen na yin kauri zaren na yankarsa, wata rana a zo a tarar da zare yana lilo shi kaɗai. In kuma an sake da yawa, igiyar ruwa ta zare shi ta tafi da shi. Irin da aka ciro kada ya daɗe a waje, kada rana ta buge shi, kada ruwan sama ya taɓa shi.

Da wata ake lissafin aikin. Sau biyu a kowane watan Musulunci, wajen tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, teku yana cikowa sosai kuma ya janye sosai. Wannan lokacin suke kira bamvua, shi ne kwanakin aiki, awa 3 ko 4 a rana kafin ruwa ya dawo ya kori kowa. Tsakanin bamvua biyu akwai maji mafu, wato mataccen ruwa, lokacin da gonar ke nutse ba ta shiguwa, sai a zauna a gida ana gyaran igiyoyi da shanya. Ana girbi bayan mako 6, daidai da bamvua 3 ke nan. Wanda ya yi gaggawa ya girbe a mako 3 ko 4 zai ga kaya da yawa a ido, amma ruwa ne ya fi yawa a ciki, sinadarin da ake saye dominsa, wato karajinan mai sa abinci kauri, bai gama taruwa ba. Wanda ya yi jinkiri kuma, rassan su yi nauyi su riƙa karyewa suna bin ruwa.

Bari mu yi lissafin gona ɗaya, don a ga inda kuɗin yake. Igiya mai mita 5 tana ɗaukar iri 25, wato kilo 2 da rabi. A ce shukar na ƙaruwa da kashi 4 cikin 100 a kullum, wanda girma ne mai kyau. Cikin kwana 42 za ta ninka sau 5 da ɗoriya, igiyar ta ba da kamar kilo 13. A cire kilo 2 da rabi na irin gaba, saura 10 da rabi. Idan aka shanya, kilo 8 zuwa 10 na ɗanya ne ke ba da kilo 1 na busasshiya, don haka igiyar nan ta tashi da kilo 1 da ɗan kai. Mace mai igiya 50 za ta samu kilo 50 zuwa 65 a mako 6. An shafe shekaru kilon spinosum bai kai rabin dalar Amurka ba a hannun manomi. Mai karatu ya ƙarasa lissafin da kansa, ya kuma tuna a ka ake ɗauko ɗanyar ko a ja ta a buhu daga cikin ruwa har gaɓa.

Abin da ke kashe ta

Babban ciwon shi ne wanda manoman Filifin suka sa wa suna ais-ais, saboda reshen da ya kamu yana komawa fari kamar ƙanƙara. Yana farawa da ɗan wuri da ya koɗe a tsakiyar reshe, ya yi fari, ya yi laushi, sai reshen ya karye a daidai nan, abin da ya saura ya bi ruwa. Mutane da yawa na ɗauka annoba ce ke sauka haka kawai. Galabaita ce ke fara zuwa. Idan zafi ya yi yawa ko gishiri ya faɗi, shukar na raunana tana fitar da wani yauƙi, ƙwayoyin bakteriya da dama can suna cikin ruwan su taru a kai, su narkar da sinadarin da ke riƙe da jikinta. Shi ya sa neman maganin feshi ɓata kuɗi ne. Abin yi shi ne a yanke wurin da ya yi fari tare da ɗan lafiyayyen da ke gefensa, a fitar da shi daga ruwa gaba ɗaya, a rage cunkoso, in da hali a matsar da igiyoyin inda ruwa ya fi zurfi da sanyi.

A Zanzibar abin ya haɗu da wani rashin sa'a na lokaci. A kwanakin bamvua, ruwa ya fi janyewa ne da hantsi zuwa tsakar rana, daidai lokacin da rana ke tsakiyar ka. Ruwa iya ƙauri a kan farin yashi, daga Disamba zuwa Maris, yana ɗumama kamar ruwan da aka bari a baho a tsakar gida. Dakta Flower Msuya, masaniyar da ta shafe shekaru tana aiki da waɗannan manoma, ta ba da rahoton ruwan gonakin yana kaiwa digiri 37 zuwa 38. Cottonii ba ya rayuwa a haka. Da zafin ya wuce kuma sai ruwan masika, babbar daminarsu ta Maris zuwa Mayu, ya sauko ya tsarma gishirin. Sannu a hankali cottonii ya ƙi zama a yawancin gonakin bakin gaɓa, manoma suka koma wa spinosum mai araha ba don suna so ba.

Bayan ais-ais sai 'yan ci-da-ƙarfi: wasu siraran gansakuka masu kama da gashi da ke tsirowa a jikin reshen, wasu ma su kafa gindi a cikinsa. Reshen ya yi ƙuraje-ƙuraje, girma ya tsaya, ramukan da suka bari su zama ƙofar ciwo. Ba a tsefe su da hannu su ƙare. In sun yi yawa gara a girbe duka, a fitar da igiyoyin a shanya su a rana su bushe ƙayau, a nemo sabon iri daga wata gona mai nisa. Akwai kuma masu kiwo: kifin da suke kira tasi yana bin kawunan toho yana gatsa, bushiyar teku kuma, wata 'yar dunƙulalliyar halitta mai ƙayoyi, tana hawa ta kankare rassan, abin da ya sa ake ɗaga igiya daga ƙasa.

Akwai wata matsala da ba a gani da ido. Tun da reshe ake ɓallowa a dasa, shukar da ke gonar yau ita ce dai wadda aka kawo shekaru da dama da suka wuce, ana ta yanka ana maimaitawa. Duk gonakin kusan jini ɗaya ne, abin da ya kayar da ɗaya zai kayar da saura. Manomi kuma yakan ƙara wa kansa: ya sayar da mafi kyau, ya bar ragowar a matsayin iri. Ka'ida ita ce a fara ware iri kafin a ware na sayarwa.

Shanya ita ce ke yanka farashi. Kwana 2 zuwa 4 na rana mai kyau sun isa. Mai saye yana son danshin da ya rage ya tsaya wajen kashi 35 zuwa 38 cikin 100: in ka damƙa ka ji ta da tauri kamar roba, ba ta jiƙa hannu, ba ta kuma karyewa. Farin garin da ke fitowa a jikinta gishiri ne, ba lalacewa ba. Kurakuran guda uku ne, kullum su ne. Shanya a kan yashi tsirara, wanda ke cika kayan da ƙasa da kashin dabbobi, alhali gadon shanya na itace ko tamfol ya raba gardama. Barin ruwan sama ya doke ta, wanda ke wanke gishirin da ke kare ta ya kuma rage ƙarfin sinadarin. Da tara ta a buhu da sauran danshi, inda take ɗaukar zafi ta fara ruɓa daga ciki. Sai a ƙara da guntayen taitai da ake mantawa a ciki, leda ce, kuma masana'antar abinci za a kai kayan. Masu zuba yashi ko gishiri don sikeli ya yi nauyi, farashin ƙauyen gaba ɗaya suke karyawa, don mai saye ba ya manta inda aka cuce shi.

Ina take zuwa?

Yawancinta ana matse ta a dila a fitar da ita busasshiya, ba a sarrafa ba, zuwa ƙasashe irin su Denmak, Faransa, Amurka da Sin, inda ake fitar da sinadarin karajinan. Hanya mafi sauƙi ita ce a wanke ta, a dafa ta kamar awa 2 a ruwan KOH mai zafin digiri 70 zuwa 80, wanda ɗan'uwan sodar da ake haɗa sabulu da ita ne, a ɗauraye, a busar, a niƙa. Wannan garin shi ake rubutawa E407a a jikin kaya. Wanda aka narkar aka tace sosai shi ne E407. Cottonii na ba da nau'in kappa, mai daskarewa da tauri, spinosum na ba da iota, mai laushi da danƙo. Ka duba jikin gwangwanin madarar ruwa, ko askirim, ko man goge baki, sau da yawa za ka ga lambar. A madarar cakulan abin da ake sawa bai kai rabin giram a lita ba, amma shi ke hana garin koko kwantawa a gindin kwalba, saboda yana kama furotin ɗin madara ya yi wata raga da ido ba ya gani.

Wanda ya san yadda romon ƙafar saniya ke daskarewa idan ya kwana ya san jelatin. Na masana'anta ana yawan yin sa daga fatar alade ko ƙashin shanu, shi ya sa masu neman halal ke komawa ga karajinan da ɗan'uwansa aga, waɗanda ba dabba a cikinsu. Aga kuwa, da ake samu daga wasu jajayen ciyayin dabam, yana cikin kowane ɗakin gwajin asibiti da ake shuka fitsari ko jini don gano ƙwayar cuta, daga Kano har Damagaram. Giram 15 a lita ake sawa. Sai ya kai wajen digiri 85 yake narkewa, don haka yana nan daskare a digiri 37 da ƙwayoyin ke so, inda jelatin zai zama ruwa. Wata mata, Fanny Hesse, matar wani likita da ke aiki da masanin ƙwayoyin cuta Robert Koch a Jamus, ita ta ba da shawarar a farkon shekarun 1880, daga abin da ta sani a kicin. Daga ciyayin teku masu launin ruwan ƙasa ake fitar da aljinet, wanda ke cikin Gaviscon na ƙwannafi da kuma ƙullun da likitan haƙori ke ɗaukar siffar baki da shi. Farin magi ma asalinsa nan ne: a 1908 Kikunae Ikeda ya ware sinadarin ɗanɗanon daga kombu, ciyawar tekun da Japanawa ke romo da ita, ko da yake yau daga rake da rogo da makamantansu ake yin sa. Aidin ɗin da ake sawa a gishiri don maganin maƙoƙo, a tokar ciyawar teku Bernard Courtois ya gano shi a Faransa a 1811.

A cikin teku kuwa, ciyawar teku ita ce daji. A ruwan sanyi na Kalifoniya akwai nau'in da ke iya ƙara rabin mita a rana ɗaya, ya yi kurmi a ƙarƙashin ruwa inda kifaye ke ɓuya su yi ƙwai. A arewacin jihar fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan kurmi ya ɓace bayan 2014, lokacin da ruwa ya yi zafi kuma wata cuta ta kashe taurarin tekun da ke cin bushiya, bushiyar ta yi yawa ta cinye komai. A Jamaika akasin haka aka gani: bushiyar ce ta mutu a 1983 zuwa 1984, kifayen da ke kiwo kuma an riga an kame su, sai ciyawar ta rufe duwatsun murjani. Abin da ake yawan yaɗawa cewa ita ke samar da rabin iskar da muke shaƙa, ba daidai ba ne. Wannan aikin ƙananan halittun da ke yawo a saman teku ne, waɗanda sai da madubin likita ake ganin su.

Gonar mwani ita ma tana taɓa maƙwabtanta. Tana jawo kifi, har masunta kan kafa madema, tarkonsu na saƙa mai kama da kwando, a kusa da ita. Amma a wuraren da ake kafa ta sau da yawa akwai ciyawa ta gaskiya a ƙasan ruwan, mai saiwa da fure, wadda ke riƙe yashi kuma ƙananan kifaye ke girma a cikinta. Inuwar igiyoyi da takun ƙafa suna rage ta, wasu ma tuge ta suke yi don su share gona. Turakun kuma sau da yawa daga itatuwan da ke fitowa cikin ruwan gishiri a bakin gaɓa ake saro su, waɗanda su ne katangar gaɓar. A Hawayi da kudancin Indiya, dangin cottonii da suka kuɓuce daga inda aka dasa su sun hau kan murjani sun shaƙe shi.

Mafitar da ake gwadawa a Zanzibar ita ce a matsa zuwa ruwa mai zurfin mita 2 zuwa 6, inda zafi ba ya hawa da sauka haka. A can ana shimfiɗa igiyoyi masu yawo, a riƙe su da buhunan yashi a ƙasa da robobin ruwa a sama, ko a cusa irin cikin doguwar raga mai kama da hannun riga, wadda ke hana igiyar ruwa ɓalle rassan. Cottonii na yin kyau a can. Sai dai wurin na buƙatar kwalekwale da iya iyo, kuma yawancin matan da suka riƙe sana'ar tun 1989 ba su tashi da ko ɗaya ba, abin da ya sa koyar da iyo ya shiga cikin horon noma. Ɗaya hanyar ita ce ta ƙungiyar da Dakta Msuya ta jagoranta tun 2006, ta sarrafa kayan a gida: a niƙa busasshiyar ta zama gari, a yi sabulu, man shafawa, lemo da kek, inda kilon gari ke ninka kuɗin kilon busasshiyar da ba a sarrafa ba sau da yawa, in an samu mai saye.

Mu a Yammacin Afirka, ciyawar tekun da ta fi zuwa mana ba wadda aka shuka ba ce. Tun 2011 wata mai ruwan ƙasa da ake kira sargasum, mai 'yan ƙwallaye cike da iska da ke sa ta yawo, take taruwa a Tekun Atilantika tsakanin gaɓarmu da yankin Karibiyan. A Yunin 2018 an ƙiyasta ta haura tan miliyan 20. Tana tuɗowa a gaɓar Saliyo, yammacin Gana da kudancin Nijeriya, ta cika tarun masunta, ta naɗe farfelar injin jirgi. Idan ta kwana biyu a tare tana ruɓa, tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke sa ciwon kai da sarƙewar numfashi, don haka kwashe ta tun tana sabuwa ya fi. Mai ganin tulinta ya yi sha'awar kai wa dabbobi ko zubawa a gonar kayan miya ya dakata tukuna: tana tara sinadarin asanik mai guba, ga gishiri da ke kashe ƙasa. Sai an wanke ta da ruwan daɗi, an kai samfuri ɗakin gwaji an auna, kafin a san ko ta shiga takin gona ko a yi bulo da ita.